Sanyin Ƙirjin Umma da Fom ɗin da Na Cike

Lokacin da abin ya faru ban cika wata huɗu da kammala digiri ba, ina zaune da mahaifiyata a flat ɗinmu da ke unguwar Woolwich, a ƙasar waje, ina kuma alfahari da cewa ba na sa hannu kan abin da ban karanta ba. Abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga saƙonnin imel da na ajiye, da takardar sallamar asibiti, da abin da Umma ta iya tunawa. Farkon bazarar bara ne, ranar Talata ko Laraba, ban tabbata ba.

Duk shekara ƙurar furen ciyawa tana wahalar da Umma da atishawa da ƙaiƙayin ido. Da jiran ganin likitan alaji, mai duba irin wannan matsala, ya yi tsawo, na samo wani sabon kamfani a intanet mai aiko da maganin da ake ɗigawa a ƙarƙashin harshe, don jiki ya saba da ƙurar sannu a hankali. Ni na cike mata fom. Da na zo kan tambayar ko tana da asma, na tambaye ta, ta ce Allah ya kiyaye, ita sanyin ƙirji kawai gare ta tun tana Kano. Na zaɓi a'a. Ban tuna da shuɗin abin shaƙar nan irin na masu asma da ƙanwarta ke kawo mata daga gida Kano ba, wanda GP ɗinta, wato likitan da ya saba duba ta, bai ma san da shi ba.

Ba wanda ya kira mu, ba wanda ya nemi ganin ta. Magani ya iso, ta ɗiga bayan karin kumallo, kafin ta gama wanke kofi numfashinta ya fara fita da ƙara. Motar asibiti ce ta ɗauke ta. Likitar da ta duba ta ta tambaye ni wa ya yarda mai asma ta fara wannan magani a gida, alhali a gaban likita ake yin ɗigon farko. Umma, da abin numfashi a fuska, ta yi mini alama wai in daina kuka, ina ba ta kunya gaban mutane.

Laifina na ɗauka, amma ina jin haushi har yau. Tambaya ɗaya daga bakin likita, ko tana shaƙar wani abu, da ta wadatar. Na rubuta wa kamfanin sau uku, amsa ɗaya ke dawowa, cewa lafiyarmu ce a gabansu. Daga baya manhajarsu ta daina buɗewa, kamfanin ya rufe.

Duk mai cike wa iyaye irin wannan fom, kada ya tsaya kan sunan ciwo, ya buɗe jakar maganinsu ya gani. Kada kuma ya karɓi magani daga wanda bai san sunan likitansa da lambar rajistarsa ba. Umma ta warke, ta kuma yafe mini. Abin da har yanzu ban sani ba shi ne: akwai likitan da ya karanta fom ɗin nan kafin a aiko da maganin?