Kai Ɗaya Muke, In Ji Ƙungiya

Duk zaman da na yi a Jidda ban gane ko mutum guda ce ni ko rabin mutum ba. A wajen hukuma dai cikakkiya ce. Ina kan iƙamar maigidana, wato takardar izinin zamansa, ba a yarda in yi aiki ba, amma akwai kuɗin zama da ake biya a kaina, in ba a biya ba sai in tattara in koma gida. A wajen ƙungiyar 'yan garinmu da ke unguwar Hindawiyya kuwa, miji da mata kai ɗaya ne, kuma ba sai na faɗi kan waye ba.

Tsarin ƙungiyar daɗin ji gare shi. Kowane gida yana zuba harajin wata, wanda aiki ya kuɓuce masa a yafe masa, a kuma tallafa masa har ya miƙe.

Ni na fara rasa nawa. Matar da nake yi wa girki a ɓoye a unguwar Safa ta sallame ni. Na je wajen shugaban ƙungiyar, wani dattijo mai shagon yadi a kasuwar Bab Makka, ya saurare ni yana jan carbi.

"Hajiya, mace mai miji ai ba a ce ba ta da aiki," in ji shi. "Halas, shi ke nan, je ki gida."

Na haɗiye, na sayi kasko na fara suyar ƙosai a ƙofar ɗaki.

Ba a jima ba kafilin maigida, wato ubangidan da ya tsaya masa a iƙama, ya sayar da motar da yake tuƙa masa. Ya bar shi a kan takarda, albashi kuwa babu, ga sabunta iƙama ya matso. Muka tafi tare, ni har da sabon mayafi, wai yau ranarmu ce.

"Malam, ai gidanka akwai aiki," dattijon ya ce. "Ƙosan Hajiya ko ɗazu da shi na karya."

"Baba, da na rasa aiki kun ce ba a lissafa ni."

"Zamanki ne ba a lissafawa, 'yata. Aikinki ana lissafawa."

Raina ya ɓaci, maigida yana ta jan gefen mayafina. Kafin mu fito sai da suka karɓi harajin watan.

Na kife kaskon don gidan ya zama na marasa aiki. Suka ce wannan da gangan ne, ba ya cikin tsari. Dattijon ma har aike ya yi a tambaye ni yaushe zan koma suya, wai karin kumallo ya yi masa wuya.

Ƙosai dai ba ya biyan kuɗin zama. Lokaci ya cika, maigida ya yi mini takardar fita. A filin jirgi ya kasa kallona, sai gyara igiyar jakata yake yi, alhali ba abin da ya same ta. Ni kuwa na yi kuka ban ɓoye ba.

Ban gama sauke gajiya a Kano ba ya kira ni.

"'Yan ƙungiya sun zauna," ya ce. "Wai yanzu gidan ba mai aiki. Sun yafe harajin, tallafin ma ya fito."

Sai ya ƙara da tambaya:

"Me zan yi da shi yanzu?"

Na ce ya sayi abinci ya ci, don na san tun tahowata bai ɗora tukunya ba. Ya ce kaskona na nan a kife inda na bar shi, ya kasa ɗagawa.