Gudun Sodangi

Sodangi taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. An haife shi a Tungar Mode, wani ɗan ƙauye da ke bayan Kajiji cikin ƙasar Shagari. Ni kuwa nan Bodinga na tashi, nan nake ɗinki har idona ya fara gajiya. Ya girme ni da damina biyu, amma ban taɓa yarda da haka a gabansa ba.

Manomin albasa ne, ba shi da wata sana'a. Garkarsa, wato lambunsa, tana cikin fadama, gadon ubansa ce, da rijiya a tsakiyarta. Mutum ne mai nauyin jiki da nauyin baki. In ka tambaye shi abu, sai ya gama kallon ƙasa kafin ya amsa. Tafiyarsa ma haka take. Tun da ya yi aure ban taɓa ganin ya ɗaga ƙafa da sauri ba, ko da hadari ya taso yana da shanya a waje.

Shekara uku ke nan, lokacin cirar albasa, da hantsi, masu bindiga sunka ajiye babura a bakin daji sunka shigo fadamar da ƙafa. Kowa ya yar da abin hannunsa ya nufi kwalta. Bashar, ɗansa na fari, ya riga ya kai bakin itatuwa, sai ya waiga ya hango tsohonsa can baya yana jan ƙafa. Ya komo ya kama hannunsa. Bashar anka harba. Sodangi ko ƙwarzane bai yi ba. Sun wuce shi kamar ba su gan shi ba, sunka kora shanu da mutum uku sunka tafi.

Ƙauyen ya watse. Wasu sunka zauna Shagari, shi da matarsa Rahamatu sunka zo wurina, na ba su ɗakin da ke jikin shagona. Wata huɗu yana zaune bakin ƙofa. Bai taɓa yi mini maganar ranar ba, ni ma ban tambaya ba.

Da damina ta kama, mazan ƙauyen sunka shirya komawa noman rani idan ruwa ya ɗauke. Ba kwana za su yi ba. A tafi da sassafe, a bar babura a bakin kwalta, a sa mutum ɗaya bisa itace yana duban daji, a dawo kafin azahar. Ɗantani, wanda sunka ba jagoranci, ya kafa sharaɗi ɗaya: wanda ba ya iya gudu daga fadama zuwa kwalta ba za a je da shi ba. Da kansa ya zo har Bodinga ya durƙusa ya faɗa wa Sodangi.

"Baba, ba raini ba ne. Ka ba Salisu garkar shi noma maka."

Salisu ɗan ƙanensa ne, magidanci mai 'ya'ya biyu. Sodangi ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Yaushe za a yi dashe?"

"Wata huɗu nan gaba, in Allah ya kai mu."

"To ka komo nan da wata huɗu ka gwada ni."

Haka anka yi mutum mai shekara sittin da shida ya fara koyon gudu.

Ranar farko kuskure ya yi. Daga sallar asuba ya tuɓe babbar riga, ya naɗe ƙafar wando, ya kama hanyar unguwa a guje. A wurinmu dattijo ba ya gudu sai da dalili, kuma a wannan zamani dalilin ɗaya ne. Wata mata da ke shara a ƙofar gida ta ga furfura tana gudu, ta saka salati ta ja 'ya'yanta ciki. Kafin ya kai ƙarshen layi an rufe ƙofofi, mai shayi ya bar tukunya bisa wuta, wani har ya tada babur da iyalinsa. Sai da mai unguwa ya aiko anka ba mutane haƙuri.

Daga nan munka koma wata hanyar gona da ke wajen gari, ta gefen Sifawa, inda ba kowa sai jakai. Salisu ya zo ya auna mana. Daga rijiyar garka zuwa kwalta taki dubu da ɗari biyu ne, ya ƙirga irinsa daga wata kuka zuwa wani kwalbati. Ni ba ni da agogo mai nuna ƙananan lokuta, sai na ce zan riƙa ja da carbi, istigfari ɗaya ƙwaya ɗaya, ɗari zagaye guda. Salisu ya yi gudun sau ɗaya don mu san ma'auni. Zagaye uku ba goma.

Sodangi ya yi nasa. Sau biyu ya tsaya ya dafa gwiwa.

"Nawa, Sama'ila?"

"Takwas da rabi."

"Kai dai bakinka ke sauri. Ko zikiri gaggawa kake yi mishi."

"In na ja a hankali sai azahar ta same mu nan. Jakin can mai ɗingishi ya so shi wuce ka, kunya ta hana shi."

Bai yi dariya ba, amma ya zage ni, na san da sauran ƙarfi a jikinsa.

Kullum muke fita, ban da Juma'a. Ni in zauna bisa kwalbati, shi ya taka zuwa kuka, ya ɗaga hula, in fara ja. In kana hangensa daga nesa ba za ka ce gudu yake ba. Kafaɗu na gaba, ƙafafu na baya suna roƙon a jira su. Takalmin taya ya yanke masa dunduniya, munka samo na roba irin na makiyaya. Rahamatu tana gasa masa gwiwa da ruwan zafi, tana shafa man zafi, tana faɗa.

"Malam, ɗaya anka ɗauke min. So kake ka cika biyu bisa hanyar jakai?"

Da asuba sai ya ɗauki takalmansa ya fita.

Wata na farko ya sauko bakwai. Wata na biyu ya daina tsayawa, ya kai shida. Ranar da ya yi biyar da rabi har goro ya saya mini. Daga nan abin ya tsaya cak. Yau biyar da rabi, gobe shida, jibi biyar da rabi. Ya rage tuwon dare. Ya gwada fita ba karin kumallo. Wani ya ce masa ya riƙa numfashi da hanci, ya gwada, jiri ya kada shi cikin gero. Abin ya shiga ransa ƙwarai. Sai ya zauna a shago yana kallon ƙafafuna bisa keken ɗinki, ya dubi nasa ya ce, "Wai mi ya hana su? Ina ce musu ku tahi, suna jina, ba su zuwa." Wata rana kuma, muna dawowa, ya ce, "Da biyar da rabin nan nake da shi waccan rana, da ƙila bai waigo ba." Iyakar abin da ya taɓa faɗa mini game da Bashar ke nan.

Na ce masa mutum mai shekarunsa da ya sauko daga takwas zuwa biyar ya yi abin a yaba. Ya ce masu bindiga ba su tambayar shekaru.

Ruwa ya ɗauke, iri ya isa dashe. Ɗantani ya zo da Salisu da wasu mutum uku daga Shagari. Ya ce ba sai an ja carbi ba, za su tashi tare daga kuka, in Baba bai yi nisa a baya ba, shi ke nan, da shi za a je. Na zauna wurina. Hannuna ya saba, sai na ga ina ja.

Sunka taso. Ina hangen Sodangi a gaba, hula a hannu, baki buɗe. Mazan nan biyar suna bayansa, ba wanda ya kai kafaɗarsa. Suna ɗaga ƙafa sama-sama kamar masu gudu, amma taki ƙanana suke yi. Haka sunka iso kwalbati, shi ne na fari. Ɗantani har da haki.

"Baba ya ci! Wallahi Baba ya ci. Jibi sai fadama."

Sodangi ya jingina da kwalbati har numfashinsa ya dawo. Fuskarsa ta saki, rabon da in ga haka tun kafin rasuwar ɗansa. Sannan ya juyo ya ga carbi a hannuna.

"Nawa?"

Ɗantani yana ƙifta mini ido. Na dubi carbin.

"Sama'ila, da sunan Allah ka ƙirga. Nawa?"

"Shida ba ashirin."

"Su hwa?"

"Bayanka sunka iso."

Ya dubi Salisu. "Kai da ka yi uku a nan wurin, ina kallo. Mi ya riƙe ma ƙahwa yau?"

Salisu ya durƙusa. "Baffa, ba ni iya wuce ka."

"Na ce ka wuce."

"Ko ka ce."

"In masu bindiga sun zo hwa?"

Salisu ya kau da ido. Sauran duk sunka sunkuyar da kai.

Sodangi ya ce a koma kuka. Ɗantani ya ce ya huta tukuna, ya ce a'a. Ya tsayar da su ya yi musu magana da murya wadda ban san yana da ita ba. Ya ce duk wanda ya jira shi bai yafe ba, duk wanda ya waiga bai yafe ba. Sunka ce to.

Wannan karon sun wuce shi. Mutum huɗu sunka iso wurina a guje na gaskiya. Salisu ne gabansu tun farko, amma da ya kai rabin hanya sai na ga wuyansa ya juya. Ya ci gaba kaɗan, ya sake juyawa. A na uku ya tsaya tsakiyar hanya, hannu a ka. Sodangi yana can baya, ya gaji tun zagayen farko, yana tangaɗi. Ya ɗaga hannu yana kora shi. Salisu ya koma da gudu ya tare shi.

Nan Sodangi ya zauna cikin ƙasa. Munka taka munka same su. Salisu yana kuka kamar ba magidanci ba.

Da Sodangi ya samu numfashi, ya ce wa Ɗantani, "Ba ni zuwa." Sannan ya fara gaya wa Salisu garkar. Gefen gabas yana riƙe ruwa, kada ya cika ban ruwa a nan. Bakin rijiya ta arewa yana zabtarewa, kada ya taka. Irin da ke cikin kwalba a ɗakin Rahamatu nasa ne na shekara da shekaru, kada ya haɗa shi da na kasuwa. Ya daɗe yana faɗa, a zaune cikin hanya, har rana ta yi zafi. Da babur anka mai da shi gida, don gwiwar dama ta ƙi lanƙwasuwa.

Salisu ya noma garkar shekara ɗaya. Duk ranar da sunka je, Sodangi yana bakin ƙofa tun hantsi har a bugo waya a ce sun fito. Ba ya tambayar albasa, sai dai, "Ku nawa kunka dawo?" A shekara ta biyu abin ya ƙara lalacewa ta wancan gefen, ba wanda ya koma, har Ɗantani.

Yana nan da ransa. Da sanda yake zuwa masallaci yanzu. Kwanan baya wani makiyayi da ya bi ta fadamar ya ce itacen geza ya cinye wurin, rijiyar ma ta rufta. Ni anka gaya wa, kuma na gaya masa, don garkarsa ce. Ya tambaye ni ko ta arewa ta fara ruftawa. Na ce mutumin bai faɗa ba.