Tsingaron Iya Saude

Duk wanda ya taɓa kai mai naƙuda ƙaramin asibitin nan na Birnin Gwari ya san Iya Saude, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeruwar dattijuwar nan mai bokiti da tsintsiya, wadda ke korar maza daga ƙofar ɗakin haihuwa kamar ita ta gina shi. A takarda dai mai shara ce. A aikace kuwa, sabuwar nas sai ta gaishe ta kafin ta san inda ake ajiye almakashi.

'Yar Gayam ce. Ta shigo gari da yara huɗu bayan rasuwar mijinta, ta kama ɗaki a gidan haya, shekara ashirin da huɗu ke nan. Ba ta yi boko ba, dangwale take yi in an ce ta sa hannu. Amma akwai aikin da babu wanda ya ɗora mata, kuma babu mai yi kamarta, wato binne mabiyiya.

Matan cikin gari, in sun sauka, a leda ake miƙa wa dangi mabiyiyar, su kai gida su binne a bayan ɗaki. Matan ƙauyuka irin su Damari da Kazage fa? Wata a babur aka kawo ta, mijin ya juya tun kafin la'asar don kada yamma ta yi masa a daji. Wata sai ta kwana biyar kafin a ce hanya ta yi kyau. Irin waɗannan Iya Saude ke karɓar wa. Ta wanke tas, ta je filin bayan ɗakin haihuwa wajen bishiyar mangwaro, ta haƙa rami zurfin kamu ɗaya, ta kwantar da ita igiyar cibiya na kallon sama. Ta mayar da ƙasa, ta dasa guntun tsingaro a kai don kada ta sake haƙa wurin.

Igiyar nan ita ce magana. Tun a Gayam ta taso tana ji cewa in aka binne mabiyiya a kife, uwar ta gama haihuwa. Sista Ann, babbar nas, ta yi mata dariya har ta gaji. Limamin unguwarsu ma ya ce bai ga wannan a littafi ba. Iya Saude ba ta musa wa kowa ba, ta dai ci gaba da kwantar da abinta a daidai.

Ran nan aka wayi gari an kafa allo a filin, da zanen bene mai hawa biyu. Cibiyar binciken cututtukan jini za a gina, da ɗakunan gwaje-gwaje, don a daina zuba jinin mutane a kular ƙanƙara ana aikawa Kaduna. Mutane suka zaci tsohuwa za ta tayar da ƙayar baya. Ina! A duk asibitin babu wanda ya kai ta son ginin nan, kuma tana da dalili.

Shekara uku da suka wuce autarta Bushira, wadda ke aure a Damari, ta haifi namiji a wannan ɗakin. Kwana biyu jariri ya yi rawaya, ya ƙi kama nono. Aka ɗebi jininsa aka ba mota, motar ta juyo daga hanya don an ce 'yan bindiga sun tare gaba. Aka sake ɗiba. Ranar da sakamako ya iso, yaron ya kwana biyu a ƙasa, ko suna ba a raɗa masa ba. Mabiyiyarsa tana filin nan, don gidan hayar Iya Saude siminti ne har bakin ƙofa. Tun daga lokacin, Bushira ko ɓatan wata ba ta sake yi ba, abin kuwa yana cin uwar a rai.

Labarin gini bai kwana ba ya kai Damari. Bushira ta bugo waya.

"Inna, an ce katafila za ta juye wajen."

"Ba za ta juye taki ba," in ji Iya Saude. "Taku bakwai ne daga gindin mangwaro, ta gabas. Ni na binne."

Ta je ta sami mai kula da aikin, Injiniya Meshach, wani dogo mai hular kwano, ta yi masa bayani ba kwana-kwana. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Mama, katafila ranar Alhamis za ta shigo, ba ni da ikon tsayar da ita. Amma yau da gobe filin naki ne."

Ta ari fartanya, ta auna taku bakwai, ta durƙusa. Sai ga tsingaro. Ta share gefe, ga wani. Kafin ta miƙe ta tono shida a wurin da bai fi faɗin tabarma ba, duk jajaye, duk daga randa ɗaya da ta fashe a ɗakin haihuwa shekarun baya. A ƙarƙashinsu babu komai sai baƙar ƙasa mai laushi. Ita da ke cika baki cewa ta san makwancin kowacce, ashe don ta yi wa 'yar kowa irin yadda ta yi wa tata, yau ta kasa gane tata. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, abin da ba a taɓa gani ba a asibitin.

Da ta share hawaye sai ta yanke shawara: tunda ba ta san wacce ba ce, duka za ta kwashe. Ta riƙa sara ƙasar kowane tsingaro a dunƙule, ta ɗora a faranti yadda take, ta kai can gindin katanga inda gini ba zai kai ba, ta zame ta cikin sabon rami. Zuwa azahar ɗin Laraba ta kwashe arba'in da 'yan kai, bayanta ya riƙe, filin kuwa ko kwata ba ta ci ba.

Injiniya Meshach ya daɗe tsaye yana kallonta. Can ya ce, "Tawa ma a gindin ayaba kakata ta sa, a ƙauyenmu." Ya kira leburori takwas da kwanonin ɗibar kankare, ya ce su bi abin da Mama ta ce.

To, lebura da kwano, hannunsa ya riga ya saba. Na farkonsu, wani magidanci mai suna Ja'afaru, yana isa bakin rami ya kifar da kwanon kamar yadda yake juye kankare kullum. Iya Saude ta kurma ihu har masu jinya suka leƙo ta taga. Ta ruga ta durƙusa, ta tattara ƙasar da tafin hannu, ta juyo ta, ta mayar da tsingaron sama. Ja'afaru ya yi ta ba da haƙuri. Ba ta zage shi ba, ta dai tsayar da su duka ta nuna musu yadda ake zamewa a hankali. Daga nan ba a sake kuskure ba. Kafin magariba an jera ɗari uku da goma sha ɗaya a gindin katanga.

Da hantsin Alhamis katafila ta shigo, ta fara da mangwaron. Iya Saude na tsaye da tsintsiyarta tana kallo waya ta yi ƙara.

"Inna, kin samu tawa?"

"Na kwashe duka. Taki na ciki."

"Duk a daidai suke?"

Iya Saude ba ta iya ƙarya ba, ko da ta kwantar da hankali ce. "Guda ɗaya ta kife. Na mayar da ita da hannuna."

"Ta wa?"

"Ban sani ba, Auta."

Bushira ta fara, "To, Allah ya sa ba..." Sai ta tsaya. Ita ma ta san in ba tata ba ce, ta wata ce, a Kazage ko a Gayam, wadda ita ma take jira. Uwar ta riƙe waya a kunne, katafila na ta haƙa, babu wadda ta ƙarasa addu'ar a cikinsu.