Tikitin Da Ya Raba Ni Da Aikin Malamin Auduga

A shekarun nan da suka gabaci tafiyar Turawa, ni saurayi ne ɗan ashirin da 'yan kai, sabon ango, kuma malamin auduga. Wanda bai ga zamanin ba ba zai gane girman wannan suna ba. A duk zuriyarmu a Kiru ni na fara ɗaukar albashi, ni na fara sa wandon kaki, ni na fara hawan keken hukuma. In na shigo gari ina kaɗa ƙararrawa, har tsofaffin da suka goya ni Malam suke ce mini. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura, hula ma a karkace nake sa ta. Kuma ban sami aikin don na fi kowa karatu ba, elementare kawai na gama. Wani babba ne a ofishin da ke kula da harkar auduga a birni, aminin mahaifina tun suna yara, ya ɗauke ni ya sa aka koya mini. Baba nake ce masa, a nan ma haka zan kira shi, don ya riga mu gidan gaskiya, jikokinsa kuwa ba su yi mini komai ba.

Aikin kashi biyu ne. Da damina ina rangadi, daga Kafin Maiyaƙi zuwa Tudun Wada har ƙauyukan Doguwa, ina tara manoma a ƙofar mai unguwa ina koya musu tsinka da jaka biyu: farar auduga mai tsabta a jakar dama, mai tabo ko ganye a ta hagu, kada a haɗa. Nakan buga ƙirji in ce duk wanda ya yi haka lamba ɗaya zai samu, ni na ba shi tabbaci. Da kaka kuma sai in zauna a fuloti, wato filin da aka keɓe don sayen auduga, kowa ya baje tasa a gabana, in cusa hannu in juya, in yanka masa tikiti, lamba ɗaya ko biyu ko uku, sannan ya wuce sikeli a biya shi farashin lambarsa. Wadda ta cika datti kuwa a ce a je a gyaro. Gumin mutum na shekara guda a tafin hannuna yake, kuma hannun nan nawa, ba yabon kai ba, ko na rufe ido yana gane auduga.

A kakata ta biyu, kafin a buɗe fulotin da aka tura ni a ƙasar Tudun Wada, Baba ya aiko in je birni. Na tarar da shi a zaure suna cin abinci a akushi ɗaya da wani attajiri. Na durƙusa na gaishe su. Ya nuna mini mutumin ya ce ƙanin maiɗakinsa ne, namu ne, in na gan shi in ga kamar shi na gani. Sannan ya ce daga sama ana ƙorafi audugar bara ta yi datti, don haka bana in tsaurara hannu da safe, kada in ji kunyar kowa, amma masu kawo kaya da yawa da la'asar kada in ɓata musu lokaci, mutane ne da suka san aikinsu. Na ce to, ranka ya daɗe. Da zan tafi attajirin ya miƙo mini riga sabuwa dal mai aiki a wuya, ya ce ta angonci ce. Na karɓa da hannu biyu, ina ta godiya kamar wawa.

Kwana huɗu na yi ina tsaurara hannu kafin in gane abin da nake yi. Manomin da ya yi tafiyar yini guda ko biyu da jakai, in ka ce masa ya je ya gyaro, ina zai je? Sai ya fita bayan fuloti, inda mutanen attajirin nan suka kafa rumfa da sikelinsu a gindin wata tsamiya, su saye ta a wulaƙance. Da la'asar sai ga ta a sababbin buhuna ta dawo gabana, in ba ta lamba ɗaya. Wata rana na cusa hannu a buhunsu na zaro wani jan zare da wani manomi ya ɗaure bakin ƙunshinsa da shi, wanda ni da kaina na kwance da safe na ce kayan ba su yi ba. Da na bincika a hankali, direban motar da ke kwashe kayan ya yi mini dariya ya ce ashe ni kaɗai ne ban sani ba, ai motar da rumfar da sikelin duk Baba yana da hannu a ciki, sunan surukinsa kawai aka sa.

A nan kuskurena yake, kuma shi ya sa nake rubuto muku. Na sani, na yi shiru. Mako uku cur na ci gaba. Ina ce wa kaina ai umarni nake bi, ai mutumin nan shi ya yi ni, ai in na tashi wani za a kawo wanda ya fi ni rashin tausayi. Na sa rigar nan na je Juma'a ana ta yaba ta. Amma tuwo ya daina yi mini daɗi, amaryata har ta fara zaton girkinta ne.

Ranar da abin ya zo ƙarshe, wani tsoho ne ya iso da jakai biyu daga wajen Doguwa, Bafillace mai noma da kiwo, dogo siriri, idonsa ɗaya ya yi fari. Na gane shi, don a ƙauyensu na kwana da damina, shi ya aiko mini da ƙwaryar nono. Ya baje audugarsa, fara tas, ban taɓa ganin irinta ba a wannan fuloti. Na cusa hannu don al'ada, na kau da kai, na ce lamba uku. Bai yi faɗa ba, bai roƙe ni ba. Da ya yi ɗaya daga cikin biyun nan da sauƙi, na saba da su. Sai ya tsuguna ya ce, cikin Hausarsa mai ɗan nauyi, shi da matansa da jikokinsa jaka biyu suka riƙa kamar yadda na koya musu, har mai tabon ya bar ta a gida don mata su kaɗa zare. Ya ce shi bai yi musu da malami ba, idonsa ne ya raunana, don Allah in tsamo masa dattin in ɗora masa a tafin hannu, ya kai gida ya nuna wa yara don su kiyaye baɗi. Ya miƙo hannun ya buɗe, yana jira.

Na sunkuya ina tono. Mutane sun yi layi suna kallo. Na juya ƙunshin farko har ƙasa, na juya na biyu, wallahi ko ɓurɓushin ganye ɗaya ban samu ba, ni da nake neman sa ido rufe. Hannun tsohon nan yana nan a buɗe. Kunyar da na ji ranar ban sake jin irinta ba har na tsufa. Na miƙe, na yaga tikitin, na rubuta masa lamba ɗaya, na ce masa Baffa ya yafe mini, audugarsa ba ta da aibi, malamin ne ke da shi. Sannan na taka da ƙafata har gindin tsamiya, na ce duk wanda na kora da safen nan bai riga ya sayar ba ya dawo da kayansa a sake dubawa. Mutum goma sha suka biyo ni. Da la'asar buhunan attajiri suka zo, na sa aka zazzage su ɗaya bayan ɗaya kamar na kowa, kowanne na ba shi lambar da ta dace da shi. Wakilinsa ya matso ya tambaye ni a hankali ko na san abin da nake yi. Na ce masa yau ne ma na fara sani.

Ba a yi mako ba aka kira ni birni. Baba bai ɗaga murya ba. Ya tuna mini ranar da ya zo sunana, ya tuna mini wanda ya sa aka ɗauke ni, ya ce yaro ne ni, in koma in gyara, magana ta wuce. Ina durƙushe na ajiye rigar nan a ninke a gabansa, na ce ya yi mini aikin gafara, duk abin da zai aike ni zan je, amma wannan hannuna ya ƙi. Da na fito na rubuta takardar ƙara na kai ofis, ina ganin na yi dabara. Ashe duk ƙarar da ta shafi auduga teburinsa take zuwa. Mai sa ido a kan malamai shi ne, mai sayen kayan shi ne, mai sauraron kuka ma shi ne. Kafin a rufe fuloti takardar sallama ta iso, wai ba ni da ladabi kuma ina kawo hargitsi a kasuwa. Aka karɓe keken, aka karɓe littafin tikiti. A bayan motar gyaɗa na dawo har Bebeji, sauran hanyar na ƙarasa a ƙafa.

Abin da na fi tsoro shi ne idon mahaifina, don amincinsu na shekara hamsin na rushe. Na zauna na ba shi labari tun daga farko, ban rage ko mako ukun nan ba. Da na gama ya yi mini tambaya ɗaya tak, ko audugar tsohon da gaske tsabtatacciya ce. Na ce tas take. Ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da fartanya ya miƙo mini, ya ce gonar fadama tana jirana. Masu ce mini Malam da yawa suka koma kiran sunana na yanka, wasu har da dariya, kuma na sha wuya a shekarun farko, ba na musu.

Yanzu na tsufa, kuma abin da nake so masu riƙe da aikin hukuma su ji shi ne, ba ranar da aka ce maka je ka yi sata ake kama ka ba, don ba wanda zai ce maka haka. Ce maka za a yi wane namu ne, a bi ka da riga. In ka ga wanda ya ɗora ka a kujera yana da rumfa a bayan kasuwar da kake hukunci, to ka san ranar zaɓi tana tafe, gara ka yi shi da wuri. Ni na makara da mako uku, kuma mutanen da na kora a makonnin nan ban san inda zan same su in nemi gafara ba, wannan yana ci na har gobe. Amma ban taɓa nadamar yaga tikitin nan ba. Da kaka ta zagayo, ina zaune a zaurenmu ba kaki ba keke, sai ga sallama: manoma uku daga ƙasar Doguwa, kowa da ɗan dunƙulen auduga a aljihu. Tsohon nan ne ya turo su, wai kafin su shiga fuloti su fara biyowa Kiru, malamin auduga ya taɓa ya faɗa musu lambarta ta gaskiya. Haka aka yi ta zuwa shekara da shekaru, kuma ko sau ɗaya ba wanda ya tambaye ni takardar hukuma.