Ɗakin da Baffa Ya Kulle

Ko da ƙwaƙwalwata za ta zubar da komai, ba za ta zubar da abin da ya faru a gidanmu na Koki shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ba. Gari na ta shagali, mu muna karɓar gaisuwar mutuwar yayana.

Yayana gyaran rediyo yake yi, amma abin da ya tafi da hankalinsa shi ne tsofaffin kwamfutocin nan na hannu masu alƙalami, waɗanda ake rubutu a kan gilashinsu. Cikin kayan gwanjo yake tsinto su matattu, ya yi ta fama har su farfaɗo. Da farko tsokanarsa nake yi, ina ce masa sarkin tarkace, amma sai da ya ja ni ciki tsundum.

Da ciwon maƙogwaro ya ɗauke masa murya, ɗaya daga cikinsu ce ta zama bakinsa. Inna, mahaifiyarmu, ba ta yi boko ba, don haka da ajami yake rubuta mata, ta karanta ta ba shi amsa. "Kin ci abinci?" "Daina kuka, ina ganinki." Hirarsu ta ƙarshe duk tana ciki, da hannunsa.

Matsalar irin waɗannan na'urori, rubutu ba ya zama sai da wuta. In babban batir ya mutu, wani ƙarami mai kamar kwabo zai riƙe na ɗan lokaci. In shi ma ya mutu, shi ke nan, komai ya goge.

Bayan sadakar uku Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya garƙama wa ɗakin Yaya kwaɗo, na'urar tana ciki. Ya ce Yaya ya bar yara, kayan mamaci dukiyar marayu ce, ba mai taɓawa sai an raba gado. Na same shi a zaure na durƙusa.

"Baffa, batir kawai zan canza. A gabanka ma."

"Yau batir, gobe kuma me? Ba ka tsoron haƙƙin maraya?"

"Wallahi rubutun zai goge."

"A ɗakin da yake kulle? Kai, tashi ka ba ni wuri!"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauko guduma zan fasa kwaɗon, Inna ta riƙe mini riga ta ce kada in ja mata abin magana a unguwa. Shi kuwa Baffa ya shiga hidimar sababbin 'yan siyasa, kullum yana wajen taro. Rabon gado sai da damina ta wuce.

Ranar da aka buɗe ɗakin, na sa wa na'urar sabon batir. Ta kama. Inna ta goge tabaranta ta ce, "Miƙo, ni zan karanta da kaina." Ta duba, ta sake dubawa. Gilashin fayau, kamar ba a taɓa rubutu a kai ba.

"Ina yake?" ta ce.

Baffa ya sunkuyar da kai yana salati. Inna ta ajiye ta a cinyarta ta ce, "Ashe sau biyu zan yi rashinsa."

Na daɗe ina jin haushin Baffa, yanzu kam tausayinsa nake ji, don tsoron Allah ne ya sa shi. Amma na koyi cewa ba kowace amana ce kwaɗo yake tsarewa ba. Wata in ba a leƙa ta, a kulle za ta mutu.