Rayuwar Mma Lariba, Ungozomar Alabar

An haifi Hajiya Lariba Gausu ranar Laraba, 12 ga Maris, 1952, a unguwar Alabar cikin Kumasi. Mahaifinta, Malam Gausu, mahauci ne, mahaifiyarta Awa kuwa ungozoma ce.

Karatu da sana'a

Ta sauke Alƙur'ani a 1966, amma ba ta shiga makarantar boko ba. A hannun mahaifiyarta ta koyi karɓar haihuwa da wankan jego, har ta shahara da ƙa'ida guda: mai jego da jaririnta ba sa taka bakin ƙofa sai sun yi arba'in.

Aure da zuriya

A 1970 ta auri Alidu direba, Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu. Alidu ya rasu a 2009.

Jarrabawa

A watan Mayun 2018 autarta Basiratu ta haifi bakwaini, aka sa mata suna Nuriyya. Jaririyar ta yi mako huɗu a kwalbar renon jarirai a asibiti. Ranar sallama likita ya yi bayani cewa jijiyoyin jini na tantanin da ke can bayan ido ba sa gama tsirowa sai cikar wata tara, kuma na Nuriyya sun fara karkacewa. Ya ba su kati su dawo bayan mako guda.

Mma Lariba ta ɗauko lissafin arba'in daga ranar da suka dawo gida, tun da a ranar aka ɗora tukunyar wanka. Da Basiratu ta tuna mata maganar kati, sai ta buɗe idon jaririyar ta ce, "Ke, duba nan, garau kamar ruwan famfo. Ni na karɓi haihuwar uwar doktan naku ma, wa zai koya mini?"

Haka ranar katin ta wuce ba a je ba. Ashe ciwon ba ya nunawa daga waje. Jijiyoyin suka ci gaba da yaɗuwa barkatai, suka zubar da jini, suka bar tabo, tabon ya janyo tantanin har ya ɓalle. Da aka koma asibiti a watan Yuli, an tarar idon dama ya riga ya tafi. Na hagu aka ceto da aikin ido na hasken leza.

Shekarun ƙarshe

Ba ta soke arba'in ba, amma ta cire bakwaini daga cikin ƙa'idar. Duk gidan da aka dawo da bakwaini, katin take fara nema, a karanta mata ranar, ta zo da kanta ta goya shi zuwa asibiti. Da haka ta kai jarirai goma sha ɗaya.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa ranar Juma'a, 6 ga Oktoba, 2023, tana da shekara saba'in da ɗaya, aka binne ta a maƙabartar Tafo bayan sallar La'asar. Ta bar Abdul-Wadud, Mutala, Rashidatu da Basiratu, da jikoki tara. A cikin jakar Alƙur'aninta aka tsinci tsohon katin Nuriyya. Nuriyya ce ta gyara tabarau, ta matso da shi kusa da idon hagu, ta karanta wa masu zaman makoki lambobin ranar da ke jiki. Allah ya gafarta wa Mma Lariba.