Baba Mai Igiya, Wanda Ya Bar Ciyawa Ta Huta

Kullum da sassafe, kafin ya sa komai a bakinsa, Baba Mai Igiya yakan shiga makiyaya ya tsuguna ya auna ciyawa da yatsunsa. In ta gaza yatsu huɗu, sai ya kwance igiya, ya kora shanu zuwa yanki na gaba, ya ɗaure bayansu. Filinsa kashi takwas ne, turaku da igiya suka raba shi. Inda shanu suka ci yau, ba za su sake taka shi ba sai bayan kusan wata guda. Shekara ashirin da shida yana haka.

Da ya fara, dariya aka yi masa. Maƙwabcinsa Dogo yakan leƙo ya ce, "Baba, shanu kake kiwo ko 'yan makaranta? Har da aji-aji?"

"Kai ma in aka hana ka hutu ramewa za ka yi," in ji Baba. "Ciyawa ma rai gare ta."

Ni malamin dabbobi ne, kuma ina nan shekarar da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina. Filayen da aka saki shanu suka ci yadda suka ga dama duk suka zama faƙo. Na ga saniyar da sai an kama wutsiya an ɗaga ta kafin ta miƙe. A wajen Baba kuwa, yanki biyar na nan da ciyawa har gwiwa.

Dogo ya zo ya tsaya bakin fili. Baba bai jira ya roƙa ba.

"Kawo masu shayarwa da maruƙa. Ka gaya wa sauran ma. Amma nan igiya ce sarki: kwana uku, a tashi."

Matarsa ta ja shi gefe. "Malam, namu fa?"

"In an bi ƙa'ida, za ta ishe mu."

Shanun gida shida suka shiga. Na Baba sun rame, nono ya ragu a gidansa, amma har ruwa ya dawo ko ɗan maraƙi ɗaya bai faɗi ba. Da damina ta zagayo, Dogo ne ya fara kafa turaku.

Bana gwiwar Baba ta ce ya isa, ya miƙa wa babbar 'yarsa garken. Baba, kai ne ka nuna mana cewa haƙuri da ƙasa ba asara ba ne. Kai ne aka yi wa dariya, ka rama da alheri. Ingarman makiyaya, mun gode, Allah ya saka maka.

Ku kuma masu shanu, ba sai fari ya koya muku ba. Ku je ku tambaye shi tun yana iya tsugunawa ya nuna muku.